Kunya a Bakin Tafinta

Nafisa, wannan babin naki ne, ko da yake ƙannenki ma za su karanta, kuma gara su karanta. Hafsa ta gaya mini ranar da kuka zo kwashe mini kayan ɗakin sama kin ci karo da takardun kotu a cikin akwatin ƙarfe, kin karanta su a tsaye, kin mayar, ba ki ce wa kowa uffan ba. Ta kuma gaya mini abin da na daɗe da sani ina yin kamar ban sani ba, wato rabonki da taka gidan Ummanki a Moss Side ya haura shekara goma, kin haihu ma ba ki kai mata jaririyar ba. Daga baya kin ce mata takardar ta tabbatar miki da abin da kike zargi tun kina yarinya. To ki zauna ki ji daga bakin wanda yake wurin. Takardar ba ta faɗi gaskiya ba, kuma ni na hana a gyara ta.

Ki fara da sanin wane ne ubanki a wancan lokacin. Injiniyan ruwa ne mai ɗaura taye ko ranar Asabar, mai ji da Turancinsa, wanda idan Bature ya ce masa bai taɓa jin baƙo mai harshe irin nasa ba sai ya wuni yana washe baki. Mun zauna da Ummanki, Hajara, shekara tara a wani gida mai danshi a Moss Side, cikin Manchester. Ba zan tsaya rabon laifi ba. Aure ne ya mutu, kuma yawancin abin da ya kashe shi daga bakina ya fito. Na samu aiki a Birmingham, na kama gida a Selly Oak, na bar ku a Manchester, ke kina shekara takwas, Hafsa tana biyu. Ummanki ta shiga aikin kula da tsofaffi, wani satin safe wani satin yamma, ke kuma asma ta sa ki a gaba, kina yawan fashin makaranta. Sai na kai ƙara kotun iyali ina neman a ba ni riƙonku. Na gaya wa kaina don lafiyarki na yi. Akwai wannan a ciki, ban musa ba, amma akwai kuma son in nuna wa Hajara cewa a ƙasar nan ni na san hanya.

Akwai abin da ke da aka haifa a nan ba ki samu wanda ya zaunar da ke ya gaya miki ba. A gidajen da muka taso, ni da Ummanki, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta rungumarsa a gaban mutane, ba ta yabonsa, idan ana hirarsa sai ta sunkuyar da kai ko ta tashi ta ba da wuri. Kunyar ɗan fari ke nan. Ni ɗan fari ne. Inna, kakarki, ta rayu ta koma ga Allah a Kano ban taɓa jin Mahmudu a bakinta ba. Idan tana nemana sai ta ce wa ƙanwata ta je ta ce wa wancan ya zo. Amma tsokar da ta fi kowace girma a kwanona ake samunta, a ɓoye a ƙarƙashin tuwo, kuma ranar da zan taho Ingila ta shige ɗaki ta ƙi fitowa, daga baya aka ce mini kwana uku ba ta sa komai a bakinta ba. Ban taɓa shakkar Inna ba ko na minti ɗaya. Ki riƙe wannan da kyau, domin duk abin da zai biyo baya ina sane na yi shi. Ni da na zo nan na yar da al'adar, ina kiranki Nafisa baki cike, har ina yi wa Ummanki tsiya cewa ta taho da Kano a cikin jakarta. Ita ta riƙe abinta. Gyaran murya take yi, gajere, sau biyu, sai ki taso daga duk inda kike a gidan.

Kafin a zauna shari'a kotu ta tura wata ma'aikaciya ta je ta ga yadda kuke rayuwa ta rubuto shawara. Matar kirki ce, ba ta da mugun nufi, abin da idonta ya gani ta rubuta. Ta ga uwa tana goye da Hafsa, tana yi mata wasa, tana kiran sunanta sau goma a minti. Ta ga uwar nan ba ta kallon babbar 'yarta, ba ta taɓa ta, ba ta ambaci sunanta ba ko sau ɗaya a ziyara uku, sai dai ta ce yarinyar nan ko waccan. Da rahoton ya iso hannuna na karanta shi a cikin mota, na gane inda matar ta ɓata hanya tun daga layin farko. Na ninke shi na kai wa lauyata, na bar ta ta ja layi a ƙarƙashin wurin.

Majistare uku suka saurare mu a Manchester. Ba lauyoyi ba ne, mutanen gari ne da ake zaɓa su zauna, sai magatakarda a gabansu wanda ya san doka, yana nuna musu hanya yana kuma rubuta abin da aka faɗa da hannu. Turancin Ummanki a lokacin na kanti ne da na asibiti, don haka aka kawo mata tafinta, wani dattijo mutumin Kumasi, Malam Isiyaka, tsohon direban bas. Da Ummanki ta tashi ba da shaida, shugabar zaman, wata mata mai furfura, ta tambaye ta cikin taushin murya me ya sa ba ta kiran sunan 'yarta. Malam Isiyaka ya mayar mata da Hausa. Ta daɗe tana kallon hannunta. Ki tuna, tambayarta ake yi a kanki, a gaban baƙi, a gabana.

"Ina jin kunyarta," ta ce, da ƙyar ake jin ta.

Malam Isiyaka ya ce, "She says she is ashamed of her."

A Turanci wannan na nufin kin zame mata abin ƙyama, 'yar da ake ɓoyewa. Dattijon nan ya ji a jikinsa cewa kalmar ba ta zauna daidai ba. Na ga bakinsa yana motsi yana neman wata, ya rasa, sai ya juyo ya dube ni, domin ni kaɗai ne a ɗakin nan da ke da harsunan biyu a cike. Kallon neman agaji ya yi mini. Ni kuwa na sunkuya ina gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Shugabar ta sake tambayar Ummanki ko haka take nufi, ita kuma ta ji kalmar da aka koya musu a ajin Turanci a matsayin kunya, sai ta gyaɗa kai. Na ji ƙarar alƙalamin magatakarda a kan takarda.

Suka fito da hukunci a rubuce, da dalilansu. Suka ce ba sa son raba 'yan'uwa, amma Hafsa ta shaƙu da uwarta, ke kuwa, bisa shawarar ma'aikaciya da abin da uwa ta faɗa da bakinta, kina zaune ne a gidan da babu ɗumin uwa gare ki. Suka haɗa da asma da fashin makaranta, suka ba ni ke. Da aka rufe makarantu na je na ɗauko ki. Ummanki ta shirya miki jaka ta ajiye a bakin ƙofa, ta shige kicin ta ƙi fitowa, kuma na san ma'anar wannan ma.

Layinmu a Selly Oak gidajen ɗaliban jami'a ne kusan duka, kuma idan aka yi hutun bazara sai su watse. Muka zauna ni da ke a tsakiyar gidaje babu kowa, labule a sauke, tsofaffin katifu a jingine a bakin titi, allunan neman 'yan haya a kowace ƙofa. Rana ba ta faɗuwa da wuri a watannin nan, sai haske ya tsaya fari fat a kan layin da ko kare ba ya bi. Na ɗauki hutu don in zauna da ke. Ba ki yi kuka ba, ba ki yi rigima ba, kina cin abin da aka ba ki kina cewa thank you kamar baƙuwa. A sati na biyu muna cin abincin rana sai kika ajiye cokali.

"Na'am," kika ce, kika miƙe kika nufi ƙofar kicin.

"Wa kike amsawa?"

"Mum," kika ce. "She did her cough."

Wai Ummanki ta yi gyaran muryarta. Kika leƙa kicin ɗin, kika ga ba kowa, kika dawo kika ɗauki cokalinki kamar ba abin da ya faru. Na ce miki ƙarar bututun ruwa ce. Kika yi mini wani kallo wanda har yau ina ganinsa, kallon mai tausayin wanda bai san komai ba. Kin yi haka ya kai sau huɗu a gabana, kullum da rana tsaka, ban san sau nawa kika yi a bayan idona ba.

Nawa ya zo ranar wata Laraba bayan azahar. Kina bayan gida kina wasa da ƙwallo, ina jin bugunta a bango, ni kuma ina wanke kwanuka. Sai aka yi kira daga saman matakala, ba da ƙarfi ba.

"Mahmudu."

Muryar Inna ce. Ba kama ba ce, ita ce, da ɗan kaushin nan nata na mai yawan azumi. A lokacin shekararta shida a ƙasa. Amma wallahi ba maganar mamaciya ce ta tayar mini da tsigar jiki ba. Sunan ne. Na san muryar, na san sunan, amma ban taɓa jin su a haɗe ba, kuma ban san ta yaya kunne zai tuno abin da bai taɓa ji ba. Tun muna yara an hana mu amsa kiran da ba mu ga mai yinsa ba, don haka na ja bakina na tsuke. Na hau sama da kumfa a hannuna, na buɗe ɗaki biyu da banɗaki, na leƙa ƙarƙashin gado kamar wawa. Babu komai sai hasken nan a kan kafet.

Injiniya ai ba ya yarda da abin da ba shi da bututu. Na kira mai gyara ya duba tukunyar ɗumama gida, ya ce lafiyarta ƙalau. Na ƙwanƙwasa gidan dama da na hagu, na leƙa ta ramin wasiƙu, na ga takardun talla sun taru a ƙasa tun watan jiya. Kiran ya ci gaba da zuwa, kwana uku ko huɗu a tsakani, kullum da rana, kullum ina ni kaɗai a ɗaki, kullum sau ɗaya. Babu faɗa a cikinsa, babu kuka. Irin kiran da ake yi wa mutum ne idan ana so ya zo ya amsa tambaya. Wata Juma'a na kasa daurewa, bayan an idar da salla a Sparkbrook na ja wani dattijo Bazazzagi gefe a bakin Stratford Road na gaya masa, amma na ɓoye masa zancen kotu. Ya ba ni addu'o'in da zan riƙa yi, sannan ya tsaya yana kallona.

"Injiniya, akwai haƙƙin wani a wuyanka?"

"Babu, Alhaji," na ce.

"To Allah ya sawwaƙe," ya ce, ya saki hannuna.

Ana cikin haka takarda ta zo cewa Ummanki ta ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotu. Matan unguwarsu ne suka zaunar da ita suka gano abin da aka rubuta da sunanta, suka samo mata wani lauyan. Na garzaya ofishin lauyata, wata Baturiya mai saurin magana. Ta ce in kwantar da hankalina, ta yi mini bayanin yadda alƙalin sama yake duba aikin majistare.

"Ba sabuwar shari'a zai yi ba," ta ce. "Ba zai kira shaidu ba, ba zai sa kowa rantsuwa ba. Takarda zai karanta: dalilan da suka rubuta, da rahoton ma'aikaciya, da abin da magatakarda ya rubuta. Ko da ya ji a ransa cewa da shi ne da ba haka zai yanke ba, wannan bai isa ba. Sai ya ga sun kauce wa doka, ko sun dogara da abin da bai kamata ba, ko sun tsallake abin da ya zama dole su duba, ko kuwa kuskuren ya fito fili yadda ba mai musu. Su suka ga fuskarta tana magana, shi bai gani ba, don haka zai ba su girmansu."

"Babu kaset ɗin zaman?" na tambaya.

"A wannan kotun ba a ɗaukar murya. Rubutun magatakarda ne kawai."

Magatakarda kuwa Turanci ya rubuta. A jirgin ƙasa ina komawa gida na zauna ina juya abin. Kalmomi uku da Ummanki ta faɗa da Hausa ba sa cikin kowace takarda a duniya. An nemi Malam Isiyaka aka ce ya tattara ya koma Kumasi, ba a san inda za a same shi ba. Saura kunnuwa biyu da suka ji suka kuma gane, kuma a kaina suke. Da ina da sauran tsoron Allah a lokacin da wannan ya firgita ni. Ni kuwa daɗi na ji.

Aka sa ranar a farkon sanyi, kin riga kin fara sabuwar makaranta. Na bar ki can na hau jirgi zuwa Manchester. Ɗakin ƙarami ne, tagoginsa ba sa buɗuwa. Alƙalin tsoho ne mai tabarau, babu hular gashi babu komai, fayil ɗinsa cike da 'yan takardun alama, ka san ya karanta shi har ƙarshe. Ummanki tana ɗaya gefen da sabuwar tafinta tana yi mata raɗa a kunne. Ta rame. Lauyanta ya tashi ya yi bayanin kunyar ɗan fari iyakar fahimtarsa, ya miƙa wasiƙar da wasu mata uku na unguwarsu suka sa wa hannu. Lauyata ta ce ba a taɓa ambatar wannan a gaban majistare ba, kuma ƙawaye ai ba abin da ba za su rubuta wa ƙawarsu ba. Alƙalin ya cire tabaransa ya daɗe yana murza ido.

"Akwai abin da ya tsaya mini," ya ce. "Rahoton nan ya ce uwar ba ta kallon yarinyar. Rahoton nan kuma ya ce sau uku tana canza lokacin aikinta don ta kai ta wurin likita, kuma tana da littafin da take rubuta kowane tarin da yarinyar ta yi. Na kasa haɗa matan nan biyu su zama mutum ɗaya. Amma ni ban gan ta tana ba da shaida ba, su sun gani, kuma wasiƙar ƙawaye kaɗai ba za ta ba ni ikon rushe abin da suka gani ba."

Sannan ya mayar da tabaran, ya dubi lauyata, amma da ni yake.

"Akwai mutum ɗaya a ɗakin nan da ya ji harsunan biyu a ranar. Ba zan sa shi rantsuwa ba, nan ba wurinta ba ne. Amma idan ya yarda ta bakinki cewa al'adar nan gaskiya ce, kuma kalmar ba ta fito daidai ba, zan mayar da shari'ar a sake jin ta daga farko. Na ba ku minti goma."

Muka fito wani dogon baranda mai kafet, irin wanda ba a jin takun mutum. Ƙarfe sha ɗaya na safe ne, hasken ƙwai fari, ba kowa sai mu biyu. Lauyata ta rungume fayil ɗinta ta tsaya a gabana.

"Ba zan gaya wa kotu abin da na san ƙarya ne ba," ta ce. "Don haka ka yi tunani kafin ka ba ni amsa. Akwai al'adar ko babu?"

A nan kiran ya zo. Wannan karon ba daga sama ba, daga bayan kunnena na dama, kusa ƙwarai, kuma sau biyu. Bakina ya buɗe da kansa, na'am ɗin ta zo har kan harshena. Ban waiwaya ba. Na tuna gadonki da na saya, da ke kina barci a bayan mota, da yadda zan koma layin nan ni kaɗai idan aka sake shari'ar, domin na san idan aka sake ta da gaskiya ba zan ci ba. Ina sonki, Nafisa, wannan ma gaskiya ne, kuma ban kawo shi don ya wanke ni ba.

"Tsohuwar al'ada ce ta mutanen ƙauye," na ce. "A gidajenmu ba a yin ta. Fassarar kuma daidai take."

Ta dube ni na ɗan lokaci, ta rubuta, muka koma. Ta tashi ta maimaita wa alƙali maganata kalma da kalma. Ina kallon tafintar tana zuba ta a kunnen Ummanki, kuma na ga daidai inda ta kai ga a gidajenmu ba a yin ta. Ummanki ta ɗago kai ta dube ni, karo na farko tun da muka rabu. Ta zauna da Inna shekara guda bayan aurenmu, ita take ɗauko mini kwanon nan daga ɗakinta. Ta ja hannun rigar lauyanta ta yi masa magana, ya tashi ya ce mahaifiyata da kanta ta yi wannan al'adar a kaina. Alƙali ya dubi ɓangarenmu. Lauyata ta sunkuyo, na girgiza mata kai. Da wannan girgizar kan na ƙaryata uwata a kabarinta.

Alƙalin ya yanke hukunci a wurin, a hankali, kamar mai tafiya a kan santsi. Ya ce zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya faɗa a fili. Amma ya ce abin da ke gabansa maganar wannan ce da maganar wancan, majistare kuma suna da wasu dalilan bayan wannan, yarinya ta fara sabawa da sabuwar makaranta, kuma doka ba ta ba shi damar sa ra'ayinsa a madadin nasu ba sai ya tabbata sun yi kuskure ƙarara. Ya kori ƙarar. Ya ƙara da cewa uwa za ta riƙa ɗaukarki duk bayan sati biyu, kuma idan ta nuna an samu canji tsakaninta da ke, ƙofar kotu a buɗe take. Ba na ganin laifinsa. Ya miƙo hannu iyakar inda aikinsa ya bari, ni na ƙi kamawa. Daga ranar ban ƙara jin kiran ba. Na zaci zan samu sauƙi, sai na tsinci kaina ina kashe famfo a tsakiyar wanke-wanke ina kasa kunne. Ɗalibai sun dawo, layi ya cika da kiɗa da hayaniya, gidanmu ne kaɗai shiru. Ke ma kika daina amsa gyaran muryar.

Canjin da alƙali ya ambata, lauyan Ummanki ya fassara mata shi a sauƙaƙe: ta riƙa kiran sunanki, ta riƙa rungumarki, a gani a rubuta. Asabar ɗin farko da za ta ɗauke ki na kai ki tashar motocin Digbeth da hantsi. Ta sauko daga motar Manchester goye da Hafsa, tare da maƙwabciyarta Hajiya Memuna, wata dattijuwa 'yar Ghana. Kika hango ta, kika saki hannuna, kika fara tafiya wajenta kanki a ƙasa kina murmushi, yadda kuka saba. Da ta bar ki da kin je kin tsaya a gefenta kin kama bakin mayafinta, shi ke nan. Sai ta tsaya, ta gyara goyonta, ta buɗe hannuwa biyu a tsakiyar mutane.

"Nafisa," ta ce.

Sunan ya fito mata a sandare, da ƙarfi fiye da kima, kamar ana kiran marar lafiya a asibiti. Kika tsaya cak. Kika waiwaya kina neman mai maganar. Da kika gane daga bakinta ya fito sai kika ja da baya, kika dawo da gudu kika ƙanƙame rigata.

"Dad, why is she saying it? What did I do?"

Tambayata kike yi laifin me kika yi. Ta sake faɗa, a hankali wannan karon, hannuwanta har yanzu a buɗe. Kika fashe da kukan da ba ki yi ba tun ranar da na ɗauko ki, kika ce ba za ki bi ta ba. Ummanki ta sauke hannuwanta, ta ja mayafi ta rufe fuskarta, ta juya mana baya. Hajiya Memuna ce ta tako har gabana.

"Alhaji," ta ce, "bangonmu ɗaya da ita. Sati biyu ke nan kullum in ta dawo daga aiki ina jin ta ta bango, ita kaɗai a ɗaki, tana faɗin sunan nan. Ta faɗa, ta yi shiru, ta sake faɗa. Na zaci ta samu taɓuwa. Ashe koyo take. Allah yana ganinka."

Na mayar da ke mota, kuma da muka isa gida na ɗauko littafina na rubuta kwanan wata, na rubuta cewa yarinya ta ƙi bin uwarta, na aika wa lauyata. Wannan ma yana cikin akwatin, kin gan shi. Ummanki ba ta ƙara komawa kotu ba, ba ta kuma ƙara faɗin sunanki ba.

Kin gaya wa Hafsa cewa sau ɗaya tak uwarki ta taɓa kiranki, shi ma da muryar baƙuwa, don lauya ya sa ta. Haka ne. Abin da ba ki sani ba shi ne, matar da ta fi kowa kunya da na sani a duniya ta tsaya a tsakiyar tasha ta tuɓe abin da ta gada daga uwarta da kakarta don a mayar mata da ke, kuma ni na kai ta ga haka. Ban roƙi gafararta ba sai bara, a waya. Sai ta tambaye ni ko yarinyar tana shan maganinta idan sanyi ya shigo. Shekararki talatin da wani abu.

Ki yi fushi da ni yadda kika ga dama, na cancanta, ba zan aiko kowa ya ba ki haƙuri ba. Amma ki ɗauki jaririyarki ki hau jirgin Manchester tun tana iya gane fuska. Gidan yana nan inda kika san shi. Idan ta buɗe ƙofa za ta karɓi jaririyar, ke kuwa ba za ta dube ki ba, ba za ta kira ki ba. Kada ki tsaya jira a bakin ƙofa. Ki shiga.